Ba Ruwan Wa da Addini?

Akwai wata ƙusa a bangon ɗakin haihuwar da yayata take aiki, a kanta take rataye hijabinta. In ta shiga gadin dare sai ta tuɓe dogon hijabin da ta zo da shi daga gida, mai kai wa har ƙwauri, ta ɗaura ƙaramin kallabi mai rufe gashi da wuya, ta cusa bakinsa cikin farar rigar aiki, sannan ta wanke hannuwanta har gwiwar hannu. Na gani da idona a hutun bara, daren da na raka ta don babur ɗin mijinta ya lalace. Na tambaye ta ko ba ta jin wani iri. Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ruwa yana jiƙa mutum, ta ce, "Ke, wa ka karɓar haihuwa da tufa shina jan ƙasa? So kike in kwashi jinin wagga in kai ma waccan?"

Tunuga ba babban gari ba ne, magana ba ta kwana. Ba a yi sati biyu ba wani dattijo maƙwabcinmu ya tare Baba bayan la'asar ya ce, "Malam, an ce ɗiyarka in ta shiga wurin aiki tuɓe hijabi take. Aikin nasara ke nan, sai ya raba mutum da wani abu." Baba ba mai yawan magana ba ne. Ya ce to, ya ji. Amma daren nan tuwonsa a kwano ya kwana, Inna kuma ta yi ta juya maganar har muka yi barci.

Wata huɗu bayan haka ni ma nawa ya same ni a Yamai. Wani furoje ya nemi ɗalibai masu jin Hausa da Dandanci da Faransanci, su riƙa fassara hirar da ake yi da mutanen karkara. Aikin kamar don ni aka yi shi. Mai ganawa da mu ɗan ƙasa ne, ba Bature ba, har da tasbaha naɗe a hannunsa. Ya miƙo mini hannu, na ɗora nawa a ƙirji na ɗan rusuna na gaishe shi, yadda nake gaida kowane namiji da ba muharramina ba. Ya yi dariya, ya ce da Faransanci nan gidan laik ne, wanda zai yi aiki da su sai ya ajiye addininsa a bakin ƙofa. Sai ya shiga jero tambayoyi. In an tafi ƙauye zan iya shiga mota ɗaya da maza? Zan riƙa tsayar da direba kowace salla? Na amsa abin da na amsa, bakina yana rawa. Aka ce za a kira ni. Wataƙila an samu wadda ta fi ni Faransanci ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Amma kalmar nan tasa ta biyo ni har kan gadar Kennedy, har ɗakinmu na kampus.

Da na zauna na haɗa mutanen nan biyu, dattijon Tunuga da mai tasbahar Yamai, sai na ga bakinsu ɗaya ne, ba su sani ba. Dukansu sun yarda cewa mace Musulma da aikin zamani ba sa shan inuwa ɗaya. Wancan ya ce ta bar aikin, wannan ya ce ta bar addinin a ƙofa, kuma a cikinsu babu wanda ya tambayi mai hijabin.

Ni ɗalibar kimiyyar harshe ce, kuma ciwon da karatun nan yake sa wa mutum shi ne ba ya iya barin kalma ta wuce bai buɗe cikinta ba. Na gwada fassara "laik" zuwa Hausa, ta ƙi. Asalinta Girkanci ne, daga laos, wato jama'a, gama-garin mutane waɗanda ba limaman coci ba. Takwararta ta Ingilishi, wadda ƴan uwanmu na Kamba da Birnin Kabi suke ji a makaranta, daga saeculum na Latin ta fito, ma'anarsa zamani, ko duniyar da ake ciki. Larabawa da suka ƙirƙiro tasu har yau suna gardama a kan wasalinta: almaniyya ce daga alam, wato duniya, ko ilmaniyya daga ilimi? Babu ɗaya daga cikin tushen nan da yake nufin kafirci ko ƙin Allah. Kalmar ta girma ne a cikin wani faɗa na musamman, faɗan gwamnatin Faransa da cocin Katolika a kan wa zai riƙe makarantu da tarbiyyar jama'a, wanda ya kai ga dokar 9 ga Disamba 1905 da ta raba coci da gwamnati. Mu mun gaji kalmar ba mu gaji faɗan ba, kamar wanda ya tarar da takobi a ɗakin kakansa bai san da wa aka yi yaƙin ba.

Kundin tsarin mulkin Nijar na 1960 ya kira jamhuriyar laik kai tsaye, kamar na Faransa. Aka zauna a haka shekara talatin. Da aka yi babban taron ƙasa, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, baki ya buɗe, ƙungiyoyin Musulunci suka ce ba su yarda da kalmar ba, don a kunnen jama'a tana nufin ƙasa marar addini. Kundin da aka jefa wa ƙuri'a ranar 26 ga Disamba 1992 ya fito babu ita. Daga nan aka koma kewaye-kewaye: wani lokaci a ce gwamnati ba ta ɗauki addini guda a matsayin nata ba, wani lokaci a ce an raba gwamnati da addini, kamar yadda aya ta 3 ta kundin 2010 ta yi. Wato kalmar da mutumin nan ya jefe ni da ita, ƙasar da muke ciki ta cire ta daga babbar dokarta tun ba a haife ni ba. Yanzu kuma da kundin watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ko ba daɗe ko ba jima sai an zauna an nemo yadda za a faɗi irin waɗannan abubuwa da Hausa, kuma mu ɗaliban harshe za a juyo a kalla.

Abin da aka saba ji a bakin masu fassara shi ne "ba ruwan gwamnati da addini". Fassarar tana da daɗi a baki, sai dai "ba ruwa" a Hausa baki biyu gare ta. In Inna ta ce wa ƙanena "ba ruwanka da tukunyar nan", tana nufin janye hannunka, ba taka ba ce. In kuwa uba ya fusata ya ce wa ɗansa "ba ruwana da kai", ya yanke shi ke nan, kada ya sake ganin ƙafarsa a ƙofar gida. Na farko kamewa ne, na biyu kora. Duk rigimar hijabi a wurin aiki, daga Faris har Abuja, ina ganin a tsakanin ma'anonin nan biyu take kwance. In ma'aikata ta ce ba ruwanta da addinina a ma'ana ta farko, alƙawari ta yi mini: ba za ta ɗauke ni ko ta kore ni don addinina ba, ba za ta ɗora mini wani ba, kuma duk wanda ya zo neman haƙƙinsa za a ba shi ba tare da an tambaye shi alƙiblarsa ba. Wannan ina son sa, ina ma buƙatar sa. In ma'ana ta biyu take nufi, to cewa take yi kada ta ga alamarsa a jikina.

Faransa ta soma da ma'ana ta farko, a hankali ta zame zuwa ta biyu. A 1989 aka dakatar da ƴan mata uku daga wata makaranta a garin Creil saboda ɗankwali. A Maris 2004 aka yi dokar hana bayyanannun alamun addini a makarantun gwamnati. Daga ɗalibai aka gangaro kan ma'aikatan wurare masu zaman kansu: wata ma'aikaciyar gidan renon yara na Baby Loup an sallame ta a 2008 don ta ƙi cire ɗankwali, aka yi shekara shida ana shari'a, a 2014 babbar kotun ƙasar ta ba gidan renon gaskiya. A 2017 kotun Tarayyar Turai, a shari'ar Samira Achbita, mai karɓar baƙi a kamfanin G4S a Beljiyam, ta ce kamfani yana iya hana alamun addini muddin dokarsa ta shafi kowa da kowa.

Hujjarsu ba ta banza ba ce, kuma bai kamata mu yi kamar ba mu ji ta ba. Cewa suke yi wanda ya zo gaban ma'aikaci, ko Bayahude ne ko Kirista ko marar addini, ya kamata hankalinsa ya kwanta cewa ba za a auna shi da wani mudu daban ba, tufar da ke shelar addini kuwa tana iya sa masa shakka. Na fahimci tsoron. Inda na rabu da su shi ne zaton da suke yi cewa akwai wata tufa da ba ta cewa komai. Duk wanda ya zauna ajin nazarin alamomi ya san babu. Kwat da karabat ma magana suke yi, an dai daɗe ana jin su har kunne ya daina lura. Kamar batun karin harshe ne: Bakano yana ganin mu ne muke da kari in mun ce "munka zo", shi Hausa kawai yake yi. Dokar da aka ce ta shafi kowa da kowa, a wurin da yawancin mutane addininsu bai umurce su da rufe kai ba, in ka duba da kyau mutum ɗaya take fitarwa daga layi.

Misalin da ya fi kusa da mu a tsallaken iyaka yake. A Disamba 2017, a Abuja, aka hana Firdausi Amasa, wadda ta yi karatun lauya a Jami'ar Ilori, shiga zauren da ake karɓar sababbin lauyoyi, don ta ƙi cire ƙaramin hijabin da ta sa a ƙarƙashin hular lauyoyi. Ku tsaya ku dubi abin, ƴan uwa. Farar hular gashin nan, gadon kotunan Ingila na ƙarnonin baya, wadda ba ta haɗa dangi da zafin Abuja ba, ita ce ƴar gida, ƙyallen da ke ƙarƙashinta shi ne baƙo. Ta rasa wata bakwai, abokan karatunta suka wuce suka bar ta. A Yuli 2018 aka kira ta aka karɓe ta da hijabinta. A 2022 rundunar ƴan sandan Najeriya ta yarda mata su sa ɗankwali a ƙarƙashin hular aiki, a Yunin shekarar kuma kotun ƙoli ta ba ɗalibai mata na makarantun Legas gaskiya a kan hijabi. Ba a ji wata kotu ta rushe ba.

To amma in na tsaya a nan na yi ha'inci, don na ɗauko faɗan wasu na yafa. A Gaya ko Doso babu dokar da ta hana mace hijabi a biro. Ka shiga kowace makaranta ko gidan likita ko banki ka ƙirga, marar hijabi ce ake juyowa a kalla. Ranar Juma'a ma'aikatu da wuri suke tashi, tabarmar salla kuma tana nan a kusan kowace haraba. Irin abin da ya same ni yana faruwa, musamman a wuraren da kuɗinsu da tsarinsu daga waje suke zuwa, amma ba shi ne kayan da ya fi danne ƴar Tunuga mai albashi ba. Nata kayan daga gida ake ɗora mata.

Mukan ce "aikin boko", mu ce "ƴar boko". An daɗe ana cewa boko daga kalmar Ingilishi mai nufin littafi aka aro ta. A 2013 masanin Hausa Paul Newman ya nuna ba haka ba ne. Kalmar tamu ce tun asali, ma'anarta abin bogi, na rufa ido, kamar amaryar boko da ake lulluɓewa a hau da ita doki alhali amaryar gaskiya tana wani wuri. Da kakanninmu suka ga makarantar nasara, sunan da suka raɗa mata ke nan. Sunan ya bi karatun, ya bi aikin da karatun ke haifarwa, ya kuma fi manne wa mace. Namiji ma'aikaci zai yi shekara talatin a kujera, ya gina gidan da albashinsa na shekara ɗari ba zai gina ba, ba wanda zai tare ubansa bayan la'asar ya ce aikin nasara ya raba ɗansa da wani abu. Sahun gaba ma ake buɗa masa. Ita kuwa tsawon ƙyallenta ake aunawa da kamu.

Kuma ba fitar mace ce baƙuwa a wurinmu ba. Kakata ta tsufa tana dafa gishiri a Fogha tana kai wa kasuwa. Matan garinmu suna cikin fadamar shinkafa, suna cin kasuwar Kamba da ta Gaya, suna tsallaka kogi zuwa Malanbil, tun da aka rufe gada a 2023 ma cikin kwalekwale suke tsallakawa. Ba wanda ya ce sun bar addini. Ba nisa da mu, a ƙasar Sakkwato da Gwandu, Nana Asma'u ƴar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara ƴan taru, inda jajinta suke taka ƙafa gari zuwa gari suna karantar da mata, kowace da malfa da jan rawanin da ke nuna muƙaminta. Kayan aiki ke nan, tun ba a san biro ba. Dogon hijabin kansa ba tsoho ba ne a nan: hotunan bikin Inna zane ne da kallabi da mayafi. Ya yaɗu ne tare da makarantun Islamiyya da wa'azin da ya ƙarfafa bayan kafa Izala a Jos a 1978, ya shigo mana ta hanyar da atamfa da man fetur suke shigowa. Ban faɗi haka don in rage masa daraja ba. Ni ma shi nake sawa, da zaɓina, kuma ina jin daɗinsa. Na faɗa ne don a tuna cewa matan da suka rene mu Musulmi ne cikakku kafin ya zo. Abin da yake sabo a aikin yayata shi ne albashi a hannun mace, da kwana a waje bisa jadawalin wani shugaba da ba mijinta ba. Ina zargin wannan ne yake yi wa wasu ciwo, sai su kira shi da sunan hijabi don ya fi sauƙin faɗa a ƙofar masallaci.

Yanzu ga wurin da ni da ƙawayena muka fi raba dare muna gardama. Shin wurin aiki yana da haƙƙin neman wani abu daga gare mu, ko duk abin da ya nema zalunci ne? Ni na ce yana da shi, kuma ƙusar nan ce ta koya mini. Tufa mai jan ƙasa a ɗakin haihuwa tana ɗaukar cuta. Dalilin yana cikin aikin kansa, kowa zai iya gane shi, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Haka buɗe fuska ga wadda take koya wa yara furucin haruffa, ko a wurin binciken katin shaida. A 2015 ma an hana rufe fuska a jihar Diffa saboda masu harin ƙunar baƙin wake. Ma'aunin da na samu shi ne a tambayi mai dokar: mene ne zai lalace a aikin in ban bi ba? In ya nuna, an gama magana. In amsarsa ita ce "haka muke yi a nan", ko "baƙinmu ba za su ji daɗi ba", to son ransa ne yake sayar mini da sunan doka. Fassarar hirar manoma ba ta lalacewa don na gaisa da hannu a ƙirji. Tsofaffin ƙauye ma sai sun fi sakin jiki da ni.

Batun salla ya fi wannan nauyi. Yayata ta ba ni labarin daren da wata mata ta shiga zubar da jini bayan haihuwa, daidai ana kiran magariba. Ita kaɗai ce ungozoma a wurin. Ba ta ɗaga kai ba sai da aka samu motar da za ta kai matar babban asibiti. Wajen ƙarfe ɗaya na dare ta wanke jikinta, ta rama magariba ta yi isha'i tana kuka, ta ce ita kanta ta kasa rabe kukan gajiya ne ko na tsoron Allah. Ni ba malama ba ce, amma duk malamin da ta tambaya ya ce mata ceton rai ne gaba. A ɗaya gefen kuma, kowa a cikinmu ya taɓa cin karo da ma'aikaciyar da za ta rufe taga ta ce ta tafi salla, sallar minti goma ta zama awa biyu da hira da cin abinci, mata masu ciki suna zaune a rana tun hantsi, wasunsu da jirgin ruwa suka taso tun asuba. Wannan ma da sunan addini ake yi. Irinta ce take ba mai tasbahar Yamai hujjar tambayar da ya yi mini, ni da ban ci nanin ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin yarinyar da aka kawo tana naƙuda ba ta da aure, ba ta wuce shekara goma sha shida ba. Wata abokiyar aikin yayata, mai hijabi har ƙasa, ta tsaya a kanta tana cewa lokacin da take jin daɗinta ba ta kira kowa ba, yanzu ta rufe wa mutane baki. Yayata ta ce mata ta fita. Da gari ya waye matar ta ce, "Ke dai ba ki kishin addini." Yayata ta ce, "Albashin wa'azi anka ba ki, ko na karɓar haihuwa?" A nan ne "ba ruwa" na farko ya juyo kanmu. In ina son ma'aikata ta kame hannunta daga addinina, to ni ma sai na kame nawa daga rayuwar wanda ya zo gabana. Kujerar ba ta gidanmu ba ce. Bafulatanar ruga tana da haƙƙi a cikinta, Kiristar da aka auro daga tsallaken kogi tana da shi, yarinyar nan ma tana da shi, a daren da ta fi kowa buƙata. Ban kuma ga inda wannan ya saɓa wa addini ba. Amana muke kiran sa tun kafin mu ji kalmar laik, kuma yarinyar da aka zaga a kan gadon naƙuda ba ta tashi da son hijabi.

Da na karanta wa wata ƙawata ƴar Maraɗi abin da na rubuta zuwa nan, sai ta ce, "Wallahi kin fara zamewa. Yau ƙusa, gobe ki ce ai imani a zuci yake, jibi mu gan ki gashi waje." Na daɗe ina juya maganarta, don ta wani gefe tana da gaskiya. "Imani a zuci yake" ita ce jimlar da ake lallashin mace da ita ta riƙa ajiye abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma mai ganawar nan zai so ya ji ta daga bakina. Ba zan faɗe ta ba. Addinin da aka hana shi fitowa a tufa da gaisuwa da lokacin salla, an mai da shi abin kunya da ake ɓoyewa ƙarƙashin gado. Bambancin yana wurin wanda ya yanke hukuncin, da dalilin da ya sa. Yayata ce ta rataye hijabinta da hannunta, da saninta na aiki da na addini, ta kuma maye gurbinsa da abin da ya suturta ta. Ba wani ne ya ce ganinsa yana ɓata masa rai ba. Na yarda iyakar tana da santsi, kuma ba kowa zai ja ta wuri ɗaya ba. Akwai wata a ajinmu da take musafaha da maza ba ta ɗauke shi komai ba, ita ce kuma take buga mana ƙofa sallar asuba. Ba ni da bakin cewa na fi ta.

Sannan akwai abin da ba ma son faɗa a fili. Tsayawa a kan aƙida tana da kuɗi, kuma ba kowa ke da abin biya ba. Ni aikin wata uku na rasa, na koma na ci shinkafar jami'a na kwanta, Baba yana nan, yayata tana aiko mini da jika biyar ƙarshen wata. Wadda uwarta take kwance, ƙanne biyar suna kallon hannunta, in ta miƙa hannun ta gaisa ta karɓi aikin, wa za mu tuhuma? Na ji yadda ake cin naman irin waɗannan a ɗakunan kwananmu, kuma masu cin naman ba su taɓa tambayar wanda ya sa ta zaɓa tsakanin gaisuwa da kuɗin magani ba.

A damanar da ta wuce surukar dattijon nan ta haihu a hannun yayata, cikin dare, hijabin yana kan ƙusarsa. Ya aiko da goro ranar suna, ya yi godiya sosai. Ra'ayinsa dai bai motsa ba. Ya ce wa Baba wannan larura ce, amma shi ɗiyarsa ba za ta yi boko ba. Baba ya ce, "To in kowa ya yi irin naka, wa za shi karɓi larurar?" Dattijo ya yi dariya ya ce Allah shi kyauta, suka wuce zancen farashin taki.

Ni kuma bayan hutun nan akwai wata ganawa da ke jira na a Yamai. Na rubuta jimla ɗaya a bangon littafina, da Hausa da Faransanci, wadda zan faɗa in an sake ce mini gidan laik ne: in tambayi mai maganar wane "ba ruwa" yake nufi. Ta Hausar ta zauna daidai tun rubutun farko. Ta Faransancin har yanzu gyara ta nake yi, don su ba su da "ba ruwa", sai na fara yi masa bayanin tukunyar Inna tukuna.